Ƙuri'ar Guduma: Yadda Masu Wasan Mafia Suka Koyi Jin Ta Bakin Wanda Ake Zargi

Yau dai mun ɗan jingine labarin soyayya a gefe, za mu leƙa tarihin wani wasa da ya taso daga ƙasar Rasha ya karaɗe duniya, har ya kai ga shiga wayoyin ƙannenmu da 'ya'yanmu. Sunansa na yanka Mafia, amma ya hayayyafa, yana da 'ya'ya da jikoki irin su Werewolf da Town of Salem da Among Us. Abin da ya ja hankalina gare shi, ni da sana'ata ita ce ƙulla labari da warware shi, wata matsala ce guda ɗaya tak da ta bi wasan tun yana zanin goyo. Wato me za a yi idan jama'a suka yi wa mutum rubdugu da ƙuri'a, suka fitar da shi daga wasa tun bai buɗe baki ya kare kansa ba? Shekara kusan 40 ke nan ana neman maganin wannan, kuma duk maganin da aka samo, in ka dube shi da kyau, abu ɗaya yake ƙoƙarin yi, wato ya sa tazara tsakanin zargi da hukunci.

Yadda ake wasan

Ga wanda bai taɓa gani ba, bari in ɗan zayyana shi a taƙaice. Mutane ne za su taru, a ce su 13. Alƙalin wasa zai raba musu kati a asirce. Uku daga cikinsu 'yan Mafia ne, kuma sun san junansu. Sauran 10 mutanen gari ne, babu wanda ya san ko wane ne yake zaune kusa da shi. Wasan yana da dare yana da rana. Da dare kowa zai rufe ido, 'yan Mafia su buɗe nasu su nuna mutum ɗaya da za su kashe, wato ya fita daga wasa ke nan. Da rana kuma kowa ya buɗe ido, a yi ta muhawara da nuna wa juna yatsa, daga ƙarshe a kaɗa ƙuri'a a kori mutum ɗaya da ake zaton ɗan Mafia ne. In an kore su duka, gari ya ci. In kuwa yawansu ya zo daidai da na mutanen garin da suka rage, to su suka ci. A cikin mutanen gari akan sa masu baiwa ta musamman, kamar ɗan sanda da yake bincikar mutum ɗaya kowane dare, da likita da yake ceton wanda aka kai wa hari.

To ka ga mai karatu, babban makamin da gari yake da shi guda ɗaya ne, ƙuri'ar rana. Kuma makami ne marar ido, domin miyagun da ake nema su ma suna cikin masu kaɗa ƙuri'ar.

Asalin wasan

Wanda ya ƙirƙiro shi wani ɗalibi ne mai suna Dimitry Davidoff, a sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Mosko, tsakanin 1986 da 1987, zamanin Tarayyar Sobiyat tana nan. Yana karatu kuma yana koyar da 'yan sakandare, sai ya haɗa wasan don ya nuna musu abin da yakan faru idan tsiraru da suka san gaskiyar lamari suka kara da taron jama'a da ba su san komai ba. Daga ajinsa wasan ya shiga ɗakunan kwanan ɗalibai, daga nan ya tsallaka sauran ƙasashen Turai da Amurka. A 1997 wani Ba'amurke mai tsara wasannin kwamfuta, Andrew Plotkin, ya sake masa riga. Maimakon 'yan Mafia sai ya sa mutanen da suke rikiɗa su zama kyarkeci da dare, da rana kuma su koma kamar kowa, ya kira shi Werewolf. Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba, tunda mun tashi da labarin mutum mai rikiɗa kura.

A waɗancan shekarun ido da ido ake wasan, a falo ko a kan tebur. Gaggawa tana nan, amma akwai birki, kuma birkin mutum ne. Alƙalin wasa yana zaune yana kallon fuskokin kowa. In an ambaci sunan wani, shi zai tsayar da hayaniya ya ce a bar shi ya yi magana, sannan ya ce a ɗaga hannu, ya ƙirga a lokaci ɗaya. Ko da an yi kuskure an kori marar laifi, wasan ba ya wuce minti 30 ko awa ɗaya, wanda aka kora zai ɗan zauna gefe ya sha shayi, a sake rabon kati ya dawo.

Da wasan ya shiga intanet

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000 wasan ya koma intanet, ana yin sa a rubuce. A nan abubuwa uku suka canja. Na farko, rana ɗaya ta wasa ta daina zama minti 10, ta koma kwana biyu, wani wurin ma sati biyu ko uku, wasa ɗaya ya kwashe watanni. Na biyu, 'yan wasan ba sa gari ɗaya, wani yana Ingila wani yana Ostireliya, lokacin da wannan yake rubutu wancan yana sharar barci. Na uku, kuma shi ne babba, ƙuri'a ta daina zama ɗaga hannu a lokaci ɗaya. Kowa yana rubuta tasa lokacin da ya ga dama, yana iya janye ta ya mayar kan wani, ƙuri'un suna taruwa a hankali kamar adashe. Dokar da ta fi yaɗuwa ita ce, da zarar ƙuri'un da ke kan mutum sun haura rabin masu rai, rana ta ƙare nan take, ko da saura kwana 10 wa'adi ya cika.

Wannan ƙuri'ar ta ƙarshe da take cika adadin ita 'yan wasa suka laƙaba wa suna guduma, irin wadda alƙali yake bugawa a kan tebur. A wasan mutum 13, ƙuri'a 7 ake buƙata. Shida na farko duk ana iya janye su, ta bakwai kuwa bakin alƙalami ya bushe. A littattafanmu na kasuwa akwai wani mutum da ba ya ɓacewa, wato mijin da aka kawo wa tsegumi, ya zari biro ya rattaba saki uku tun matar ba ta ce uffan ba, sannan ya kwashe littafi na biyu da na uku yana cizon yatsa. To guduma ita ce saki ukun wasan Mafia. Na ɗaya da na biyu akwai kome, ita babu.

Hanyoyin da gudumar gaggawa take faɗowa suna da yawa. Akwai sabon shiga da bai ƙirga ba, ya ga mutane suna zuba ƙuri'a ya bi yarima a sha kiɗa, bai san tasa ce ta bakwai ba. Akwai wanda ya gaji da surutu yana son a wuce wurin. Akwai ɗan Mafia da ya lura wanda ake zargin likita ne ko ɗan sanda, ya yi wuf ya buga kafin mutumin ya farka daga barci ya bayyana kansa. Har akwai ɗan Mafia da in ya ga asirinsa ya tonu yakan kaɗa wa kansa ƙuri'ar ƙarshe, don ya datse muhawara kafin gari ya gano abokansa. Duk ta inda ta zo, mutumin da ya yi sati biyu yana karatu da rubutu zai wayi gari ya tarar an yi masa jana'iza yana barci.

Abin da lissafi ya nuna

Wataƙila mai karatu ya ce ai wasa ne, mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Bari mu ɗan taɓa lissafi. A wasan nan na mutum 13, in aka kori marar laifi ranar farko, da dare kuma aka kashe ɗaya, saura 11, gari 8 Mafia 3. In aka sake kuskure, saura 9. In aka sake na uku, saura 7, gari 4 Mafia 3. Kuskure na huɗu shi ne ƙarshen wasa. Ashe gari kuskure uku kawai yake da iznin yi, kuma duk gudumar gaggawa tana iya ƙone ɗaya daga ciki a banza.

Wurin da abin ya fi muni shi ne lokacin da aka rage mutum 7 ɗin nan. Ƙuri'a 4 ake buƙata, Mafia suna da 3 a hannu. In mutumin gari ɗaya ya yi garaje ya ɗora ƙuri'arsa kan marar laifi, su ukun za su diro a cikin minti ɗaya su cika huɗu, shi ke nan wasan watanni ya tafi. Saboda haka a irin wannan ranar ƙuri'ar farko ma guduma ce.

Masana lissafi ma sun sa baki. A 2008 Mark Braverman da Omid Etesami da Elchanan Mossel suka wallafa nazari a kan wasan, inda suka nuna cewa in gari zai riƙa kora da ka, ba tare da masu bincike ba, 'yan Mafia kaɗan ne suke isarsa, garin mutum 100 ma guda 10 sun ishe shi. A 2010 kuma Piotr Migdał, ɗan ƙasar Folan, ya nuna cewa ko adadin 'yan wasa yana rabuwa biyu daidai ko ba ya rabuwa, wannan kaɗai yana canja rabon kowane ɓangare.

To amma kada a ɗauka maganin gaggawa shi ne a ƙi korar kowa. In garin nan na mutum 13 ya ce yau ba ya korar kowa don tsoron zalunci, da dare za a kashe masa ɗaya, ya wayi gari su 12, kuma in ka sake lissafin za ka ga kuskure biyu kawai ya rage masa maimakon uku. Wuƙar dare kullum marar laifi take samu, ƙuri'ar rana ce kaɗai take iya samun mugu. Sai dai akwai inda haƙurin yake da riba. In an rage mutum 4 da ɗan Mafia ɗaya a ciki, in aka yi kora da ka, damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu. In aka haƙura aka bari ya kashe ɗaya da dare, gobe damar ta zama ɗaya cikin uku. Sauri ya haifi nawa, amma nawar ma tana da ranar da take kashe gari.

Dabarun da 'yan wasa suka samo wa kansu

Tun kafin masu sayar da wasanni su shigo, 'yan wasan intanet sun ƙago wa kansu al'adu da suka zama kamar doka. Ta farko ita ce sanarwa. Duk wanda ya kaɗa ƙuri'ar da ta kai mutum bakin rami, wato saura ɗaya a cika, wajibi ne ya faɗa ƙarara cewa saura ɗaya, don kada wani ya zo ya ce bai sani ba. Ta biyu ita ce bayyana niyya. Mai son buga guduma zai fara cewa ina da niyyar bugawa, sannan a jira wanda ake zargi ya zo ya faɗi katinsa da abin da ya sani. In ya ce shi ne ɗan sanda, sai a saurara a ga ko wani zai fito ya ƙaryata shi. Ta uku ita ce yatsar zargi, wato ka rubuta cewa ka nuna wa wane yatsa ba tare da ka kaɗa ƙuri'a ba. Da ita ake aiki a ranar da ƙuri'a ɗaya take iya kifar da gari, sai kowa ya gama faɗin ra'ayinsa sannan a kaɗa ta gaske.

Su ma alƙalan wasa sun yi nasu gyaran. Wasu sun soke guduma gaba ɗaya, suka ce rana ba ta ƙarewa sai wa'adi ya cika, wanda ya fi yawan ƙuri'a a lokacin shi za a kora. Wasu sun bar ta amma sun hana ta aiki a ranar farko ko a sa'o'in farko na kowace rana. Wasu kuma sun buɗe wani ɗan lokaci da ake kira almuru, tsakanin faɗuwar guduma da bayyana katin wanda aka kora, don ya bar wasiyya. Shi ma tsarin wa'adin ya zo da tasa cutar, domin mutane sukan yi shiru sai saura minti biyu su juya ƙuri'a kan wanda ba ya nan. An gudu ba a tsira ba ke nan.

In kuma gudumar ta riga ta faɗi fa? A nan galibin alƙalai matsayinsu ɗaya ne, aikin gama ya gama, ko da bisa kuskure aka buga. Dalili kuwa, in ana janye guduma kowa zai riƙa buga ta don gwaji, ya ga yadda mutane za su firgita, sannan ya ce wasa yake. Kuma da zarar an bayyana katin mutum babu yadda za a mayar da sirrin cikin tulu. Abin da alƙali zai iya shi ne ya hukunta wanda ya tabbata da gangan ya yi don ya ɓata wa ɓangarensa wasa. Mutanen gari kuma sukan so su huce a kan mai gudumar washegari, sai dai in shi ma marar laifi ne mai garaje, sun ƙone dama biyu ke nan a kan fushi ɗaya.

Yadda aka mayar da birkin cikin doka

A Rasha, mahaifar wasan, an mayar da shi gasa mai alƙalai da maki. Mutum 10 ne a tebur, 7 jajaye 3 baƙaƙe. Kowa yana da minti ɗaya na magana shi kaɗai, bi da bi, wanda ya yi katsalandan a rubuta masa laifi, in ya tara huɗu ya tashi daga tebur. In a ranar farko sunan mutum ɗaya kawai aka gabatar, ba a kaɗa ƙuri'a sam. In an yi kunnen doki, a ba kowanne daƙiƙa 30 ya sake kare kansa. Wanda aka kora kuma yana da minti ɗaya na kalmar ƙarshe.

A ƙasar Sin, inda wasan kyarkecin ya yi tashe a wayoyi wajen 2016 da 2017, su ma bi da bi ake magana, kuma ana zaɓen shugaba da ƙuri'arsa take daidai da ɗaya da rabi. Abin da ya burge ni a nasu tsarin shi ne sun halatta datse rana amma sun sa mata kuɗi. Kyarkeci yana iya tona kansa a tsakiyar muhawara, rana ta ƙare nan take ba ƙuri'a, amma shi ya fita daga wasa. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Faransawa kuma ta hanyar kati suka ɓullo. A 2001 Philippe des Pallières da Hervé Marly suka fitar da nasu wasan kyarkecin na ƙauyen Thiercelieux, a cikinsa akwai maharbi, wanda in an kore shi sai ya tafi da mutum ɗaya. A ƙarin katunan da suka biyo baya akwai dattijon gari, wanda in jama'a suka kore shi duk masu baiwa sun rasa baiwarsu. A Amurka kuma Ultimate Werewolf na Ted Alspach, wanda ya fito a 2008, yana da majemi, mutumin da ya gaji da rayuwa, shi cinsa shi ne a kore shi. Duk waɗannan katunan aikinsu ɗaya, su sa hannu ya yi rawa kafin ya ɗagu.

A 2014 Town of Salem ya fito, ya ari sunan garin nan na Amurka da a 1692 aka rataye mutum 19 bisa zargin maita. Shi sai ya raba ƙuri'a gida biyu. Ranar farko babu ƙuri'a. Daga rana ta biyu, in rinjaye ya taru a kan mutum, ba korarsa za a yi ba, gurfanar da shi za a yi. Za a rufe bakin kowa a ba shi ɗan lokaci shi kaɗai ya yi bayani, sannan a sake ƙuri'a ta biyu, mai laifi ne ko marar laifi. Akwai kuma wawan sarki, wanda burinsa a rataye shi, in an yi haka sai ya dawo da dare ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ba su wanke shi ba.

Among Us, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna Innersloth ya fitar a 2018 kuma ya yi tashe a 2020 lokacin zaman gida na korona, ya kawo abin a sauƙaƙe. Akwai lokacin tattaunawa da ba a iya taɓa ƙuri'a a cikinsa, akwai ƙuri'ar tsallakewa, in kuma an yi kunnen doki ba a korar kowa. 'Yan wasansa ma sun gano lissafin nan da kansu. In maciya amana biyu ne kuma an rage mutum 7, a tsallake sai in akwai hujja, domin in an kori marar laifi su biyun za su kashe biyu a tare su ci wasa. In kuwa an rage 6, dole a kori wani, don tsallakewa a nan miƙa wuya ne. Shirin talabijin ɗin nan The Traitors, da ya faro a Holan a 2021 kuma BBC ta ɗauka a 2022, shi kowa yana rubuta sunan wanda yake zargi a allonsa a lokaci ɗaya kafin a fara nunawa, don haka babu mai ƙuri'ar ƙarshe balle guduma.

Mataccen da yake magana

Wasu masu tsara wasa kuma suka ce ciwon ba a gaggawar yake ba, a korar yake. Don Eskridge ya fitar da The Resistance a kasuwa a 2010, inda ba a korar kowa daga farko har ƙarshe, tawaga ake zaɓa a tura aiki. Amma shi ma ya san illar jan ƙafa, sai ya sa doka cewa in aka ƙi amincewa da tawaga sau biyar a jere, 'yan leƙen asiri sun ci. One Night Ultimate Werewolf na 2014 kuma ya taƙaita wasan zuwa dare ɗaya da ƙuri'a ɗaya, kamar minti 10, don kada kowa ya zauna zaman jira.

Wanda a ganina ya fi kowa fahimtar matsalar shi ne Steven Medway na Ostireliya, mai Blood on the Clocktower, wanda ya shiga kasuwa a 2022. A nasa wasan kowa sau ɗaya yake gabatar da suna a rana, kowa kuma sau ɗaya ake gabatar da shi. Mai ƙara ya yi magana, wanda ake ƙara ya mayar da martani, sannan a ƙirga. Ko mutum ya samu ƙuri'un da ake buƙata, ba a zartar da hukunci sai ƙarshen rana, in wani ya fi shi yawan ƙuri'a ya tsira, in sun yi daidai duka sun tsira. Akwai katin waliyyi, wanda in aka zartar masa da hukunci gari ya faɗi nan take. Sannan wanda ya mutu yana nan zaune a da'ira, yana magana yana ba da shawara, kuma yana da ƙuri'a ɗaya da zai yi amfani da ita sau ɗaya kafin wasa ya ƙare. Ka ga ko an zalunce ka ranar farko, ba a raba ka da wasan ba, ba a kuma raba gari da abin da ka sani ba.

Inda na tsaya

Ni dai abin da na fahimta daga wannan tarihin shi ne, kuskuren korar marar laifi ba ya guduwa a wannan wasan, an gina shi ne a kan haka. Ranar farko damar a dace da ɗan Mafia 3 ce cikin 13, ba ta kai ɗaya cikin huɗu ba. Abin da yake bambanta garin da zai ci da wanda zai faɗi shi ne me ya samu a madadin mutumin da ya kora. In an bari muhawara ta nuna, kowa ya faɗi matsayinsa, wanda ake zargi ya yi magana, to ko marar laifi ne ya bar wa gari gado, gobe za a duba wa ya fara zuga, wa ya bi ba hujja, wa ya yi shiru. In kuwa guduma ta faɗi da sassafe, an yi asarar mutum an yi asarar shaida.

Saboda haka ga ƙannena masu shirya irin wannan wasa a waya ko a kwamfuta, shawarata ita ce ku faɗi dokar ƙuri'a tun kafin a raba kati, ko rinjaye ne yake rufe rana ko wa'adi. Ku riƙa sanar da ƙidaya a kai a kai. Kada a zartar wa kowa hukunci sai ya yi magana ko an ba shi isasshen lokaci ya ƙi zuwa. In gudumar ta kuɓuce, a bar ta ta tsaya, a yi gyaran a wasa na gaba, kuma a tanadar wa wanda aka kora abin yi don kada ya yi zuciya ya ƙi dawowa. Ga 'yan wasa kuma, kafin ka kaɗa ƙuri'a ka ƙirga na gabanka, ka tambayi kanka ko taka ce ta bakwai.

A nan zan dasa aya. Mai gyara ko ƙarin bayani ƙofa a buɗe take.